Daga ɗakin gwaji zuwa saƙon murya: tarihin hanyoyin binciken harshe a sadarwar intanet

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bin sawun hanyoyin da manazarta suka bi, tun daga shekarun 1970 zuwa yau, don nazarin yadda mutane ke sarrafa harshe idan na'ura ce ta haɗa su. Tarihin ya nuna cewa kowace hanya ta tsiro ne daga abin da ya yi sauƙin tarawa a zamaninta, kuma kowace ta yi tuntuɓe daidai wurin da ta ɗauki abin da ta tara a matsayin harshen baki ɗaya. A ƙarshe mun duba abin da wannan yake nufi ga mai binciken Hausa a Nijar.

0. Gabatarwa

A ƴan shekarun nan, da wuya a yi zaman tantance batutuwan kundin digiri na biyu ba tare da wani ɗalibi ya zo da shawarar nazarin Hausar Facebook ko ta WhatsApp ba. Shawarar tana kan hanya, balle tun da kundin da ke jagorantar ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a watan Maris na 2025. Amma idan aka tambayi ɗalibin yadda zai tara bayanai, amsar kusan ɗaya ce kullum: zai kwafo sharhi 200 ko 300 daga shafukan gidajen rediyo, ya gyara musu rubutu, sa'an nan ya ƙidaya kalmomin aro. Wa ya rubuta saƙon, daga wane gari, da wace irin salula, kuma wa yake so ya karanta, duk waɗannan ba sa cikin lissafinsa.

Wannan kuskure tsoho ne. Waɗanda suka riga mu shiga fagen sun yi shi, sun gane, sun gyara, sa'an nan suka sake yin sa da wata kama. Shi ya sa muka ga ya dace mu tsara tarihin a taƙaice. Idan muka ce sadarwar intanet, muna nufin duk wata musayar magana tsakanin mutane wadda ta bi ta kwamfuta ko salula: wasiƙar imel, hira kai tsaye, dandalin muhawara, shafukan sada zumunta da saƙon murya. Mun haɗa da gajeren saƙo na SMS, ko da yake ba ta intanet yake bi ba, domin manazarta sun daɗe da sa shi cikin fagen.

1. Zamanin ɗakin gwaji (1976-1992)

Masu binciken farko injiniyoyi ne da masana halayyar ɗan Adam. A 1969 aka haɗa kwamfutocin farko na tsarin ARPANET a Amurka, kuma a 1971 Ray Tomlinson ya aika imel daga wata na'ura zuwa wata. Tambayar da ta dami hukumomi da kamfanoni a lokacin ta aiki ce: shin ma'aikata za su iya yin taro su yanke shawara ba tare da sun ga juna ba? A 1976 Short da Williams da Christie suka buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi a Landan, inda suka kwatanta magana ido da ido da magana ta tarho da ta bidiyo. A ganinsu, kowace na'ura tana rage wani abu daga yadda mutum ke jin cewa abokin maganarsa yana nan tare da shi. A 1978 Hiltz da Turoff suka fitar da The Network Nation, littafin da ya dogara ga tsarin taro ta kwamfuta da aka gina a New Jersey.

Gwajin da ya fi yin tasiri shi ne na Kiesler da Siegel da McGuire a jami'ar Carnegie Mellon, wanda aka buga a 1984. An kasa ɗalibai uku uku, aka ba su matsala su yanke shawara a kanta, wani lokaci a zaune tare, wani lokaci ta kwamfuta, sa'an nan aka ƙidaya abin da suka faɗa. An tarar cewa ta kwamfuta sun fi daɗewa kafin su daidaita, kowa ya fi samun damar sa baki, kuma zagi da kakkausar magana sun fi yawa. Daga nan aka yanke cewa rashin ganin fuska da rashin jin murya suna cire wa mutum kunya.

Sai da aka yi shekara 8 kafin a kwance wannan hukunci. A 1992 Joseph Walther ya lura da abin da yake a fili: waɗanda aka gwada baƙin juna ne, an ba su ɗan lokaci kaɗan, kuma buga rubutu ya fi magana ɗaukar lokaci. Idan aka bar mutane su daɗe suna hulɗa, sai su sami hanyar nuna raha da girmamawa da ɓacin rai ta rubutun kansa. A shekarar ce kuma Lea da abokan aikinsa suka sake duba rahotannin da aka buga, suka nuna cewa zagin bai kai yawan da ake faɗa ba, kuma ya danganta ga al'adar kowace ƙungiya. Wani abin lura shi ne, a ita wannan jami'a ta Carnegie Mellon, ran 19 ga Satumba 1982, Scott Fahlman ya ba abokan aikinsa shawarar su riƙa sa alamar :-) a kan saƙon da wasa ne. Wato shekara 2 kafin a buga cewa na'ura tana kashe alamun fuska, masu amfani da ita a harabar sun riga sun ƙera wa kansu fuska da baƙaƙe. Ɗakin gwaji ya auna halin baƙi masu gaggawa, ya ɗauka halin na'ura ne.

2. Magana ce ko rubutu? Zamanin ƙidaya (1984-2007)

Da masana harshe suka shigo, abin da ya fara jan hankalinsu shi ne arahar bayanai. Tun 1972 William Labov ya bayyana matsalar da kowane mai binciken walwalar harshe ya sani: muna son jin yadda mutane ke magana sa'ad da ba a sa musu ido ba, alhali ba mu da hanyar ji sai mun sa musu ido. Duk wanda ya taɓa ajiye rakoda gaban dattijo a Gobir ko a Adar ya ga yadda harshensa ke sauya tufa nan take, kuma ya san wahalar juya kaset ɗaya zuwa takarda. To ga dandalin Usenet tun 1980, ga hira kai tsaye ta IRC wadda Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finlan a 1988: dubban mutane suna hira a rubuce, babu rakoda, babu juyi, kuma ba su san da mai bincike ba.

Tambayar zamanin ita ce: wannan abu magana ne ko rubutu? Naomi Baron ta ɗora ta tun 1984. A 1991 Ferrara da Brunner da Whittemore suka ce wani sabon salo ne mai tasowa, wanda ya ɗebi nan ya ɗebi can. Makamin auna shi ya fito ne daga aikin Douglas Biber na 1988, wanda ya ƙidaya siffofi 67 na nahawu cikin matani 481 na Ingilishi, na baka da rubutattu. Cikin littafin da Susan Herring ta tattara a 1996, Collot da Belmore sun ɗora wannan ma'auni a kan saƙonnin dandali. Simeon Yates kuwa, cikin littafin dai, ya tarar cewa ta wajen cunkoson kalmomi saƙon kwamfuta ya fi kusa da rubutu, ta wajen wakilin suna irin "ni" da "kai" kuma ya fi kusa da magana.

Ƙidaya ta yi amfani ƙwarai inda aka san su wane ne masu maganar. A 1993 Herring ta ƙidaya saƙonni a zauren muhawarar masana harshe su kansu, ta nuna cewa maza sun fi aikawa, saƙonsu ya fi tsawo, kuma an fi ba su amsa. Wannan ya rushe zaton da ake yi cewa intanet ta daidaita kowa da kowa. A farkon shekarun 1990 ɗin kuma Rafaeli da Sudweeks suka jagoranci manazarta da yawa daga ƙasashe dabam dabam, suka tantance saƙo fiye da 4000 bisa ƙa'ida ɗaya. Aikin ya koya wa fagen cewa dole mutum biyu su tantance saƙo ɗaya, kowa shi kaɗai, a auna yawan inda suka dace, kafin a amince da sakamako.

Faransa ta bi tata hanya, domin Minitel, wanda aka buɗe wa jama'a a 1982 aka rufe a 2012, ya ba Faransawa ɗakunan hira tun kafin intanet ta yaɗu. Jacques Anis na jami'ar Nanterre ya mai da hankali ga harafi kansa: yadda ake yanke kalma, a zubar da wasula, a sa lamba a madadin gaɓa. Littattafansa na 1998 da 1999 da 2001 su ne tushen nazarin a Faransanci, kuma tsarinsa na rarraba sababbin rubuce-rubuce yana da amfani ga Hausa har yau.

Iyakar wannan zamani ta bayyana a 2001, sa'ad da David Crystal ya buga Language and the Internet, ya yi maganar wani harshe guda na intanet. Masu suka suka ce babu shi: wasiƙar imel ta shugaban sashe da hirar samari da dare ba abin da ya haɗa su sai waya. Herring ta amsa wannan da tsarin da ta fitar a 2004 ta kuma faɗaɗa a 2007, inda ta ce kafin a nazarci saƙo sai a bayyana abubuwa 10 na na'ura (misali, ko amsa nan take ce, ko saƙon yana daɗewa, ko akwai iyakar tsawo) da abubuwa 8 na zamantakewa (misali, yawan mahalarta, manufarsu, ƙa'idojinsu da harshen da suka zaɓa). Wannan jadawali shi ne abu mafi sauƙi da za a fara miƙa wa ɗalibi.

3. Komawa wurin mutane

Tun ana tsakiyar ƙidaya, wasu suka zaɓi su zauna cikin jama'ar da suke nazari, bisa tafarkin Dell Hymes. Nancy Baym ta yi shekaru tana cikin wani dandalin masu kallon wasannin talabijin, tana rubutu tare da su, tana yi musu tambayoyi. Littafinta ya fito a 2000. Lynn Cherny ta yi irin wannan a wani ɗakin hira, ta buga a 1999. A 2000 ne kuma Christine Hine ta tsara ƙa'idojin wannan hanya, Miller da Slater kuma suka nuna, daga tsibirin Trinidad, cewa ba a gane abin da mutane ke yi a intanet sai an shiga gidajensu da shagunan da suke hayar kwamfuta.

Wanda ya ɗinke wannan da ilimin harshe shi ne Jannis Androutsopoulos, wanda ya nazarci shafukan matasa masu kiɗan hip-hop da dandalin ƴan ci-rani a Jamus. A 2008 ya ba da tsari mai hawa biyu: a daɗe ana lura da shafin kafin a ɗebi komai, sa'an nan a nemi marubutan a nuna musu saƙonsu a tambaye su dalili. Sau da yawa abin da mai bincike ya ɗauka jahilci ne sai ya tarar ganganci ne, ko zolaya, ko alamar ƴan unguwa ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Farashin hanyar shi ne lokaci da ƙarancin mutane: abin da aka gano a ƙungiya ɗaya ba a shimfiɗa shi a kan ƙasa.

4. Harsunan da na'ura ba ta yi wa tanadi ba

Kusan duk ayyukan da muka ambata a kan Ingilishi aka yi su. Akwai dalili na fasaha. Tsarin ASCII na 1963 yana da gurbi 128 kawai, waɗanda aka tanada don baƙaƙen Ingilishi da lambobi da alamomi. Tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ gurbinsu tun farkon shekarun 1990, amma samun gurbi a tsari dabam yake da samun maɓalli ƙarƙashin yatsa.

Masu wasu harsuna sun yi dabara, manazarta kuma suka bi su. John Paolillo ya nazarci surkin Ingilishi da harsunan Indiya a Usenet da IRC, ya haɗa ƙidaya da taswirar wa ke magana da wa. A 2003 Palfreyman da al Khalil suka bayyana yadda ɗalibai mata a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke rubuta Larabcinsu na gida da baƙaƙen boko, suna sa 3 a madadin ainun, 7 a madadin ha mai ƙarfi. Girkawa ma sun yi irin haka, har ta zama muhawara a jaridunsu. Littafin Danet da Herring na 2007, The Multilingual Internet, ya tattara irin waɗannan ayyuka. Darasin da suka bari shi ne rubutun da ya saɓa wa ƙa'ida yana da tasa ƙa'idar, kuma ita ce abin nazari.

Nan ne tarihin ya taɓa mu kai tsaye. Bahaushe mai salula yana da hanya uku ko huɗu na rubuta ƙ: ya sa k kawai, ya sa q, ya sa k', ko ya nemo ƙ ɗin. Idan ya sa k, "kasa" tana iya zama ƙasa, ko gazawa, ko macijiya, ko jera tumatir a kasuwa, sai jimla ta raba gardama. Yana da gajerce-gajerce da kowa ya sani: slm, lfy, gsky, wlh, ngd. A Nijar akwai ƙari, domin yawancin waɗanda suka yi lakwal sun koyi rubutu ne da Faransanci, ba su taɓa ganin dokar ƙa'idojin rubutu ta 1999 ba. Sai ka ga "tchikin" a madadin cikin, "chi" a madadin shi, "kouana" a madadin kwana. Ka ga "lahiya" da "tahiya", waɗanda ke nuna lafazin yamma. Ka ga ƴ, wadda ke nuna wanda ya bi ta makarantun gwaji ko ta yaƙi da jahilci na Nijar, inda ɗan Kano zai sa 'y. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shaida ce a kan makarantar da mutum ya yi, da karin harshensa, da na'urar da ke hannunsa. Ɗalibin da ya "gyara" saƙo kafin ya nazarce shi ya share shaidar da hannunsa.

5. Gajeren saƙo da hanyar roƙo

An aika SMS na farko ran 3 ga Disamba 1992, iyakarsa baƙi 160. Saƙon salula ya kawo matsalar da dandali bai kawo ba: yana cikin aljihun mai shi, ba a ganin sa sai ya yarda. Dole mai bincike ya roƙa.

A 2003 Crispin Thurlow ya karɓi saƙo 544 daga ɗalibai a Cardiff, ya tarar cewa gajerce-gajercen da jaridu ke kuka da su ba su kai kashi 20 cikin 100 na kalmomin ba. A 2008 Tagliamonte da Denis suka nazarci kalmomi fiye da miliyan 1 na hirar matasan Toronto, suka tarar irin waɗannan siffofi ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ya fi ƙaranci. Wanda ya tsinci misalai da ido zai cika kundinsa da slm da lfy, ya bar Hausar da ta cika saƙon.

A 2004 cibiyar Cédrick Fairon a jami'ar Louvain ta Beljik ta yi shela ga jama'a su ba kimiyya kyautar saƙonninsu. An sami kimanin 75 000, aka tace 30 000 aka buga a 2006. A 2011 Rachel Panckhurst da abokan aikinta suka maimaita a Montpellier, suka fitar da saƙo fiye da 88 000 a 2014. Muhimmancin waɗannan ayyuka yana ga tsarinsu: mai bayarwa yana cike takardar shekarunsa da iliminsa da harsunansa, ana ɓoye sunaye da lambobi, kuma ana ajiye saƙon yadda aka rubuta shi, a sa daidaitaccen rubutu kusa da shi a wani layi dabam.

A Afirka ta Yamma, Kristin Vold Lexander ta tara saƙonnin ɗalibai a Dakar, ta haɗa da hira da su, ta nuna cewa Wolof da Fulatanci, waɗanda makaranta ba ta koya musu rubutawa ba, sun sami wuri a salula kusa da Faransanci, musamman wajen gaisuwa da soyayya da raha. A Nijar, inda salula ta shigo a 2001, akwai gwajin da aka yi a 2009 da 2010 a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, inda aka sa koyon aika SMS cikin darussan yaƙi da jahilci na Hausa da Zabarmanci. Aker da Ksoll da Lybbert sun buga a 2012 cewa waɗanda suka koyi salula sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Masana tattalin arziki ne suka yi aikin, kuma maki suka auna. Siffar Hausar da waɗannan manya suka rubuta tambaya ce ta masana harshe.

6. Shekarun yalwa da rufe ƙofa (2006-2024)

Twitter, wanda aka kafa a 2006, ya bar wata ƙofa da masu bincike ke ɗibar saƙonni kyauta, wasu har da wurin da aka aiko su. Lissafi ya tashi daga dubbai zuwa miliyoyi. A 2010 Jacob Eisenstein da abokan aikinsa suka zana taswirar kalmomin yankunan Amurka daga saƙonnin. Jack Grieve ya yi aiki da kalmomi kusan biliyan 9 na 2013 da 2014, ya bi sawun sababbin kalmomi daga inda suka tsiro zuwa inda suka yaɗu. Abin da masu taswirar karin harshe ke yi cikin shekaru da dama, an yi shi cikin watanni.

Araha ba ta ado. Na farko, masu amfani da Twitter ba su wakiltar jama'a: sun fi zama matasa ƴan birni masu ilimi. Na biyu, na'urorin tantance harshe suna da son kai. A 2016 Blodgett da Green da O'Connor suka nuna cewa sukan ɗauki Ingilishin baƙaƙen fatar Amurka a matsayin wani harshe dabam, su zubar da shi. Na uku, ɓoye suna bai isa kariya ba. A 2006 kamfanin AOL ya saki tambayoyin bincike na mutum kimanin 650 000 bayan ya cire sunaye, amma cikin kwanaki ƴan jarida suka gano ɗaya daga cikinsu. A 2014 aka buga gwajin da Facebook ya yi a kan mutum 689 003 ba da saninsu ba. Ƙungiyar masu binciken intanet ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a 2002, ta sabunta su a 2012 da 2019.

Sa'an nan ƙofofin suka rufe. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica a 2018, Facebook ya taƙaita ɗibar bayanai. A 2023 Twitter ya daina bayarwa kyauta, ya kuma koma X. A 2024 aka rufe CrowdTangle, wanda da shi ake bin shafukan Facebook. Hanyar da ta dogara ga alherin kamfani ta ƙare ranar da kamfanin ya ga dama.

Hausa ta sami rabonta gab da rufewar. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, kimanin saƙo 30 000 a kowane ɗaya daga harsuna 4, har da Hausa, waɗanda masu harshen suka tantance da hannu. A 2023 aikin ya faɗaɗa zuwa harsunan Afirka 14. Da yake Twitter ba ya gane Hausa da kansa, sai da suka nemo saƙonnin ta hanyar kalmomin da suka fi yawo a harshen da kuma wurin da aka aiko su. Aiki ne mai daraja, amma sunansa ya faɗi iyakarsa: don Najeriya aka tsara shi. Mai son ya yi magana a kan Hausar Maraɗi ko ta Tawa ba zai dogara gare shi ba. Dole kuma a tuna da giɓin da siyasa ke bari a cikin rumbu: an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, an kuma yanke intanet ta salula a Nijar na kimanin kwana 10 bayan zaɓen Fabrairu 2021.

7. Murya

Tarihin da muka bayar duka ya tsaya ne a kan zato ɗaya, cewa harshen intanet rubutacce ne. WhatsApp ya ƙara saƙon murya a 2013, ya kulle saƙonni daga mai aikawa zuwa mai karɓa a 2016, kuma a 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 kowace rana. A ƙasar da manya da yawa ba su yi karatun boko ba, wannan ya sauya kome. Ɗan kasuwar Maraɗi da abokin cinikinsa na Katsina, ɗan ci-rani a Libiya ko Abijan da mahaifiyarsa a ƙauye, malami da almajiransa, mata masu adashi: da murya suke hulɗa. Wanda ya tsaya ga sharhin da aka rubuta a shafin rediyo ya nazarci ƴan boko ne, maza galibi, ya kira su Hausawa duka.

Wannan harshe ba a kwafo shi, ba a kuma sayen sa wurin kamfani. Hanya ɗaya ce, roƙo da yarda. Aikin da aka yi a Suwis daga 2014 ƙarƙashin Elisabeth Stark ya tara hirar WhatsApp fiye da 600, ya kuma nuna wahalar: hira ta mutum biyu ce ko fiye, saboda haka duk wanda bai ba da izini ba sai an rufe nasa saƙon. Murya ta fi haka tsanani, domin ana sauya suna a rubutu, amma duk ɗan unguwa zai gane muryar maƙwabcinsa. A Nijar akwai dokar kare bayanan mutum tun 2017, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022 aka sake tsananta a 2024 har da ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a. Jimlar da ɗalibi ya kwafa cikin kundinsa kalma da kalma ana iya nemo mai ita, kuma abin da zai biyo baya ya wuce maganar maki.

Abin da ya rage mana a hannu tsohuwar sana'a ce. Cibiyar tattara adabin baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda ta zama CELHTO, da cibiyar IRSH, sun horar da mutane a kan neman izinin mai magana, da ɗaukar murya, da juyi mai nuna tsawon wasali da karin sauti, da rubuta takardar bayanin kowane kaset: wa, ina, yaushe, gaban wa. Da tsohuwar zuma ake magani. Bambancin kawai shi ne yanzu mai maganar ne ya ɗauki kansa da kansa, babu baƙo a gabansa, abin da Labov ya yi ta nema.

8. Kammalawa

Ɗakin gwaji ya sami baƙi masu gaggawa, masu ƙidaya sun sami rubutun Ingilishi a fili, masu manyan rumbuna sun sami abin da kamfani ya bari a buɗe, kuma kowannensu ya fara da zaton ya kama harshen. Gyara a kowane karo ya zo ne daga wanda ya tambayi abin da ya rage a waje. Bisa wannan muna ba ɗalibanmu da masu duba su shawarwari kamar haka:

a) a bayyana na'ura da yanayin hulɗa kafin a taɓa nahawu;
b) a ajiye saƙo yadda aka rubuta shi, daidaitaccen rubutu ya zo a layi na biyu;
c) a ƙidaya cikin dukan abin da aka tara, kada a tsinci abin da ya ɗauki ido;
d) a nemi wasu daga cikin marubutan, a tambaye su makarantar da suka yi da maɓallan da ke salularsu;
e) a faɗi a fili su wane ne samfurin bai ƙunsa ba;
f) a nemi yardar duk mai murya ko mai saƙo, da harshen da yake ji, kuma kada a buga jimlar da za ta kai ga gano shi.

Muna kuma ganin lokaci ya yi da jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa za su zauna su yarda a kan takardar neman izini ɗaya da ƙa'idar juyi ɗaya, don abin da ɗalibi ya tara bana ya amfani wanda zai zo baɗi. Muna maraba da gyara da ƙarin bayani daga abokan aiki.